Yadda za ka tsara wa yara aikin hannu bayan an tashi daga makaranta

Yaron da ya zo wajenka bayan an tashi makaranta fa ya riga ya yi awa biyar ko shida a zaune, an ce masa yi shiru, an ce kwafi abin da ke kan allo, an ce kar ka taɓa wannan kar ka taɓa wancan, to in ka sake zaunar da shi ka ɗau alli kana ta zuba bayani, gangar jikinsa ce kawai a gabanka, hankalinsa ya daɗe da tafiya. Abin da wannan lokacin yake buƙata shi ne yara su sa hannu su ƙera wani abu, ya lalace, su gyara, su gane dalilin da ya sa ya lalace. Amma fa aikin hannu ba ya yiwuwa da ka, wato a ce ka shigo kawai ka zube kwali da almakashi a tebur ka ce ku yi wani abu. Wahalar duk tana wajen shiri, kai babba a nan ne aikinka yake, ranar da yara suka fara kuwa aikinka ya koma kallo da tambaya.

Fara daga ƙarshe

Kafin ka nemi ko da allura ɗaya, ɗauki biro ka rubuta layi ɗaya tak: idan an gama wannan aikin, me yaro zai iya yi da hannunsa, kuma me zai iya bayyanawa da bakinsa? Misali, "zai iya haɗa ƙaramar fitila ta kama, kuma in ta ƙi kamawa zai iya bin wayar ya gano inda matsalar take." In ka kasa rubuta wannan layin to gaskiya ba ka shirya ba tukuna, abin da ke hannunka wasan cika lokaci ne.

Akwai bambanci babba tsakanin aikin da kowa zai bi umarni mataki-mataki a fito da abu iri ɗaya sak guda ashirin, da aikin da aka ba yara matsala aka ce su nemo mafita. Na farkon yana da kyau a hoto, iyaye ma suna son shi, amma yaron bai yanke shawara ko ɗaya ba, hannunsa ka ara kawai. Na biyun yakan zo da hayaniya da ɓarnar kaya, sai dai a nan ne tunani yake motsawa. Shi ya sa ni na fi son a fara da tambaya. Ta yaya takarda ɗaya za ta ɗauki nauyi mai yawa? Wane irin wuri iri ya fi saurin tsira? Ta yaya za mu auna ruwan saman da ya sauka a harabar nan?

Wannan tunanin ba sabo ba ne. A 1896 wani masanin ilimi mai suna John Dewey ya buɗe wata makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a Amurka, inda yara suke kafinta da saƙa da aikin lambu, ta cikin aikin ne lissafi da awo da tarihi suke shigowa. A 1918 kuma wani masanin ilimin, William Kilpatrick, ya yi wani rubutu da ya yi suna sosai a kan koyo ta hanyar aiki, abin da ya fi nanatawa shi ne aikin ya zama yana da manufa a zuciyar yaron shi kansa. Wannan maganar ta manufa ita ce mutane suka fi mantawa. Ka tambayi yaran me yake damunsu, me suke son sani, me suka taɓa kwancewa a gida don su ga cikinsa. Ba sai ka bar musu komai a buɗe ba, don in ka ce "me kuke so mu yi?" yawanci shiru za ka ji ko kuma kowa ya faɗi nasa a rasa matsaya, gara ka zo da zaɓi biyu ko uku da ka san kana da kayansu, su zaɓa.

Batun shekaru kuma a taƙaice: ƙanana, 'yan ƙasa da shekara tara haka, a ba su abin da za a gama yau a gani yau. 'Yan goma zuwa sha uku za su iya riƙe aiki na zama uku ko huɗu. Matasa kuwa in ka ba su abin da suka ga kamar na yara ne ba za su dawo ba, su a ba su abin da wani zai amfana da shi da gaske, gyaran benci, allon sanarwa, ɗan lambu, fitilar karatu.

Ka yi shi da kanka tukuna

Wannan kam ba na sassauci a kai. Duk aikin da za ka ba yara, zauna ka yi shi daga farko har ƙarshe da irin kayan da za ka ba su, ba wanda ka gani a bidiyo a intanet ba, don bidiyo an yanke duk inda abin ya ƙi. A nan ne za ka gano cewa gam ɗin sai ya yi minti ashirin kafin ya kama, ko almakashin ba ya iya yanka kwalin, ko ramin da ake so a huda a murfin roba ya fi ƙarfin hannun ɗan shekara takwas. Ka duba agogo, lokacin da ya ɗauke ka ka ninka shi sau biyu aƙalla, yara sai sun yi gardama, sai sun zubar, sai wani ya nemi fensirinsa.

Sannan ka rubuta wuraren da ka ga za a iya maƙalewa, kowanne ka tanadi tambayar da za ka yi in an zo wajen. Tambaya fa na ce, ba amsa ba.

Kaya kuwa ka lissafa su rukuni-rukuni, ka zuba na kowane rukuni a jaka ko kwali ɗaya tun kafin su iso. Rabon kaya a gaban yara yana cinye rubu'in lokaci kuma daga nan ake fara rigima. Ka ajiye rara a gefe inda ba sa gani. Ka lura da abin da kowa zai buƙata a lokaci ɗaya, in almakashi biyu ne ga yara ashirin to layi za a yi, kuma yaron da ke jiran layi shi ne zai fara tsokanar na kusa da shi. Ba sai kaya masu tsada ba, tsofaffin kwalaye, robobin ruwa, murafan kwalba, zare, tsinke, tsofaffin jaridu, duk suna aiki, kuma wani lokacin ƙarancin kaya ma alheri ne saboda in ka ce takarda uku kacal kowane rukuni zai samu sai ka ga sun tsaya sun yi shawara kafin su yanka.

Bari mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi

Gadar takarda. Ka jera littattafai gida biyu masu tsayi ɗaya, ka bar tazarar santimita 15 a tsakani. Kowane rukuni ka ba su farar takarda irin ta fotokofi, da murafan kwalba ko wasu ƙananan abubuwa masu nauyi iri ɗaya da za a riƙa ɗorawa. Doka biyu ce kawai: ba gam ba salatif, kuma kada gadar ta taɓa tebur. Tambayar ita ce gadar wa za ta fi ɗaukar kaya.

Abin da za su fara yi, kusan ko da yaushe, shi ne su shimfiɗa takardar haka nan a kwance. Murfi ɗaya ko biyu ta lotsa ta faɗa. Za su kalle ka. Nan ne gwajinka yake, don bakinka zai yi ta ƙaiƙayi ka ce "ku ninke ta mana", kar ka faɗa. Ka ce me kuka gani, ta ina ta fara lanƙwasa? Wani zai ninka ta biyu, za ta ɗan ƙara ƙarfi. Wata za ta naɗe ta kamar bututu, sai murafan su riƙa gangarowa, sabuwar matsala ke nan kuma mai kyau ce. Can sai wani ya tanƙwara gefe da gefe sama, ko ya yi mata ninki sama da ƙasa sama da ƙasa, sai ka ga takardar nan da ta kasa ɗaukar murfi biyu tana ɗauke da tuli, kuma ihun da za su yi a lokacin ba irin wanda ake yi in malami ne ya nuna ba.

Dalilin shi ne ninkin ya ba takardar tsayi daga sama zuwa ƙasa, abu kuwa in yana da kauri ta wannan fuskar yana wuyar lanƙwasawa ko da nauyinsa bai ƙaru ba. Amma kar ka fara da wannan bayanin. Bayan sun gani da idonsu, ka yaga gefen wani kwali ka miƙa musu su leƙa cikinsa, za su ga takarda mai tudu da kwari a tsakiya, ka tambaye su ina kuma suka taɓa ganin irin wannan, wani zai ce kwanon rufi. Gani ya kori ji, daga nan bayanin minti biyu ya ishe su.

Zama na biyu sai a shigo da tsari. Kowane rukuni su ja layi a littafi, gefe ɗaya yawan ninki, gefe ɗaya yawan murafan da gadar ta ɗauka. Ninki huɗu, ninki takwas, ninki sha biyu. A nan za ka koya musu abu mafi muhimmanci a duk wani gwaji, wato a canza abu ɗaya kawai a lokaci ɗaya. In suka ƙara ninki kuma suka rage tazara a tare, suka ga gada ta ƙara ƙarfi, wanne ne ya jawo? Ba wanda zai iya cewa. Ka bar su su faɗa cikin wannan ramin sau ɗaya, sannan ka yi tambayar. Kuma kowane gwaji da sabuwar takarda, wadda ta riga ta karye ba ta komawa daidai.

Rabon lokaci da rukuni

In kana da minti 90, ni ga yadda nake ganin ya fi: minti goma na farko a bar su su huce, su sha ruwa, su yi surutunsu, yaron da ya fito daga aji a gajiye ba ya jin komai. Gabatarwa kar ta wuce minti biyar zuwa bakwai, in ta wuce haka ka koma darasi. Aiki minti 45 ko 50. Tattaunawa minti sha biyar. Sauran na shara da mayar da kaya, kuma su za su yi, yana cikin aikin. Ka riƙa sanarwa in saura minti goma da in saura biyar, yara ba sa son a fizge musu abu a hannu ba zato.

Rukuni kar ya wuce mutum uku ko huɗu. Da sun kai shida, biyu ne za su yi aiki sauran su zama 'yan kallo. A 1907 da Baden-Powell ya yi zangonsa na farko a tsibirin Brownsea a Ingila, wanda daga shi harkar sikawut ta samo asali, yara wajen ashirin ne ya raba su gida huɗu kowane gida da shugabansa a cikin yaran, kuma har yau da wannan tsarin suke tafiya. Ka ba kowa aiki, mai kula da kaya, mai awo, mai rubutu, mai bayani, amma don Allah a riƙa juyawa kowane zama. In ba ka sa ido ba za ka tarar yaro ɗaya mai baki shi ke riƙe da kayan aiki kullum, yarinyar da ke da kyan rubutu kuma an maƙala mata biro tun ranar farko ba ta taɓa riƙe filaya ba har aka gama. Wannan abin yana ci min rai sosai, saboda ba wanda ya yi niyyar zalunci, haka kawai yake faruwa in babba bai kula ba, kuma yarinyar za ta tafi da tunanin cewa ita ba ta iya irin wannan aikin ba alhali ba a taɓa ba ta dama ba.

Wani abu da ya bambanta shirin bayan makaranta da aji shi ne zuwa ba dole ba ne. Yau yaro ya zo, gobe an aike shi, jibi ga baƙo sabo. Don haka kowane zama ya kasance yana da ɗan abin da aka kammala a cikinsa, kuma kowane rukuni su sami littafi ɗaya da yake zama a wajenka, a ƙarshen zama su rubuta inda suka tsaya da abin da za su yi gaba. Wanda bai zo ba in ya dawo 'yan rukuninsa ne za su yi masa bayani. Ka tanadi wurin ajiya kuma a rubuta suna a jikin komai, ba abin da ke kashe gwiwar yara kamar su dawo su tarar an share aikinsu an zubar.

Hannunka a aljihu

Idan yaro ya ce "Malam ta ƙi yi" ko "Malama zo ki gyara min", abu mafi sauƙi shi ne ka karɓa ka gyara cikin daƙiƙa goma. To ka sani da ka karɓa aikin ya zama naka. Ka durƙusa daidai tsayinsa, ka ce nuna min abin da ka gwada, me kake tsammani zai faru, me ya faru? In dole sai ka nuna, ka nuna a kan wani kayan daban, nasa ya ci gaba da zama a hannunsa.

Kuma in ka yi tambaya ka jira. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta bi azuzuwan kimiyya ta gano cewa malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira bayan sun yi tambaya, amma in aka ja jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suna ƙara tsawo kuma waɗanda ba sa magana ma suna fara sa baki. Daƙiƙa uku kamar ba komai ba, amma gwada ka gani, sai ka ji shirun ya yi maka nauyi. Ka daure.

Sai dai akwai iyaka. Yaron da yake fama yana gwada wannan yana gwada wancan, ƙyale shi. Wanda ya ture kayan ya haɗe rai ya koma gefe, wannan ya wuce inda zai iya shi kaɗai, ka ba shi ɗan haske kaɗan da zai ɗaga shi mataki ɗaya. Misali a aikin fitila, irin ƙaramin ƙwan nan na LED yana da ƙafa biyu, doguwa da gajera, doguwar ita ke zuwa ɓangaren batir mai alamar tarawa, in aka juya ba zai kama ba sam ko da komai daidai yake. Kuma batir ɗaya mai bolt 1.5 ba ya isar farin ƙwai ya kama, sai an jera biyu. Yaro zai iya shafe rabin awa a kan wannan ba tare da laifinsa ba, don ba abu ne da ake ganewa da ido ba. Ba sai ka faɗa masa kai tsaye ba, ka ce duba ƙafafun nan biyu, tsayinsu ɗaya?

Tsaro ba a yi masa gwaji

A nan kam babu "bari su gano da kansu". Wutar soket ba ta shiga aikin yara ko kaɗan, batir kawai. Ka gaya musu kar a haɗa kan batir da gindinsa da waya kai tsaye, yana yin zafi har ya ƙona hannu. Ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli, in akwai ƙananan yara a wajen gara a haƙura da su, domin in yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale a maƙogwaro yana iya yi masa mummunar ƙuna cikin awa biyu, abu ne na asibiti nan take. In kun yi matatar ruwa ta yashi da gawayi da tsakuwa a cikin roba, ka faɗa ka sake faɗa cewa ruwan ya yi haske ne kawai, ƙwayoyin cuta suna nan, ba a sha. Wuƙa da reza da gam mai zafi su zauna a tebur ɗaya inda babba yake tsaye. Akwatin taimakon farko ya kasance kusa, ka san yaron da jikinsa ba ya son wani abu, kuma lambar iyaye tana hannunka.

Zaman tattaunawa

Shi ne ake fara yankewa in lokaci ya ƙure, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba. Wani masanin ilimi a Amurka, David Kolb, a 1984 ya tsara koyo a matsayin zagaye, mutum ya yi abu, ya waiwaya ya duba abin da ya faru, ya fitar da wata ƙa'ida, sannan ya sake gwadawa da ita. Wata ƙungiyar matasa a Amurka mai suna 4-H ma a kan haka take gina ayyukanta, a yi, a waiwaya, a yi amfani da abin a wani wuri. In aka tsaya a yi kawai, yaro ya ji daɗi ya tafi gida, bayan sati biyu ka tambaye shi sai ya ce "mun yi wasa da takarda".

A ajiye kaya tukuna, don muddin abu yana hannunsu ba za su saurara ba. A zauna a zagaye. Tambaya uku ko huɗu sun isa: me kuka fara gwadawa, a ina ya ƙi, me kuka canza, in da za a ba ku wata takardar yanzu me za ku yi daban? Ka guji "kun ji daɗi?" don amsarta e ce kawai. Ka fara da rukunin da nasu bai yi ba, ka ba labarinsu muhimmanci daidai da na waɗanda suka yi nasara, sau da yawa ma su ne suka fi abin faɗa.

Idan aikin na makonni ne, ka sa ranar nuni tun daga farko kuma su san da ita. A gayyato iyaye ko 'yan wani rukunin, yaran su tsaya gaban kayansu su yi bayani da bakinsu, kai kana baya. A jera har da waɗanda suka karye da littafin awo, mai kallo ya ga hanyar da aka bi. In za ka ɗauki hoto ka sa a wani wuri, sai da izinin iyaye.

In kana so ka san ko an koyi abin da ka rubuta a layin nan na farko, ba sai ka yi jarrabawa ba. Kawo yaron da bai halarta ba ka ce wani ya koya masa, ka tsaya ka saurara. Ko ka canza matsalar kaɗan, ka faɗaɗa tazarar gadar zuwa santimita 20, ko ka ba su jarida maimakon farar takarda, ka ga ko za su ɗauko dabarar ninkin da kansu. Kai ma kafin ka bar wajen ranar, rubuta layi uku a littafinka, abin da ya ci lokaci fiye da yadda ka zata, kayan da suka ƙare, da sunan yaron da yau bai taɓa komai da hannunsa ba, zama mai zuwa shi za ka fara miƙa wa almakashi.